Sammo Hung: yadda ɗan wasan opera ya zama gwanin tsara faɗa a fim

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Chana, a silima ko a gidan kallon unguwa, ya san wani mutum mai tumbi da tabo a leɓe, wanda in ka gan shi a tsaye sai ka ce ko kwata ba zai iya tsallakewa ba, amma da faɗa ya kaure sai ka ga ya tashi sama ya yi alkafura ya dira cak. Sammo Hung ke nan. Da yawa sun ɗauka a hannun wani malamin kung fu suka yi karatu, shi da Jackie Chan da Yuen Biao. Alhali makarantar wasan opera suka yi, wato wasan kwaikwayon gargajiya na birnin Beijing da ake yi da waƙa da kiɗa da fentin fuska. A can ana koya wa yaro ya kuskure abokin karawarsa da faɗin yatsa biyu, daidai kan bugun ganga, ta yadda na kujerar ƙarshe zai rantse dukan ya shiga. Rayuwar aikin Sammo gaba ɗaya labarin yadda aka ɗauko wannan horo aka sa shi gaban kyamara ne, abin da ya yi amfani aka riƙe, abin da kyamara ta tona wa asiri aka zubar.

An haifi Hung Kam-bo a Hong Kong ranar 7 ga Janairun 1952, a gidan 'yan fim. Kakarsa Chin Tsi-ang tana cikin matan farko da suka riƙe takobi a finafinan Shanghai tun zamanin fim marar magana, kakansa Hung Chung-ho kuma darakta ne. Yana da kimanin shekara 9, a farkon shekarun 1960, aka kai shi wata makaranta a Kowloon mai suna China Drama Academy, aka damƙa shi hannun Malam Yu Jim-yuen, ɗan wasa daga arewacin Sin da ya ƙware a fitowar mayaƙa. Yarjejeniyar shekara 7 aka sa wa hannu, ta Jackie Chan kuwa shekara 10. Ci da sha da sutura da makwanci na kan malam, duk kuɗin da yaro ya samo a wasa na malam ne, horo kuma yadda malam ya ga dama. Jackie Chan ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa takardar ta ba malam izinin hukunci ko da zai kai ga rasa rai. Ana aske wa yara maza kai ƙwal, a ba kowa sabon suna mai farawa da Yuen, gaɓar ƙarshe ta sunan malam. Sammo ya zama Yuen Lung, Jackie ya zama Yuen Lau. Wasu da wannan suna duniya ta san su: Yuen Biao, Yuen Wah, Corey Yuen, da Yuen Qiu a ɓangaren mata. Sammo ne babban yayansu, in malam ba ya nan tsumagiya tana hannunsa, kuma wannan matsayi ya bi su har girma.

Ƙugu da ƙafa tukuna

Opera ta Beijing tana tsaye ne kan sana'a huɗu: waƙa, furuci, motsin jiki, da faɗa. Nau'in fitowa ma huɗu ne: sheng na maza, dan na mata, jing masu fentin fuska, da chou 'yan barkwanci, kuma kowanne yana da reshensa na mayaƙa. Yaron da muryarsa ta lalace lokacin balaga, ƙofar waƙa ta rufe masa, sai ya dogara da jikinsa. Shi ya sa ba wanda ake ɗaga wa ƙafa a horon jiki.

Kamar yadda su kansu ɗaliban suka sha ba da labari, yini yana farawa ƙarfe 5 na asuba ya kai har dare ya yi nisa, a ɗaki guda ake atisaye, a ci abinci, a shimfiɗa a kwanta. Karatun boko kaɗan ne ƙwarai. Jerin darussan kuwa ba da ka aka yi shi ba. Da ƙugu da ƙafa ake farawa, domin kowace alkafura daga ƙugu take tashi, a ƙafa take sauka. Yaro zai kafa hannu a ƙasa ya jingina ƙafa da bango, daga 'yan mintoci ana ƙara masa har ya kai rabin awa ko fiye, don kafaɗa da tsintsiyar hannu su iya ɗaukar nauyinsa. Sai matse ƙafa: a ɗora diddige kan katako mai tsayin ƙugu, gwiwa a miƙe, yatsu a tanƙwaro su baya, a sunkuya har goshi ya taɓa yatsun, in an daɗe har haɓa. Sai tale ƙafa, sai lanƙwasa baya har hannu ya taɓa ƙasa, sai harbin ƙafa a jere daga wannan bango zuwa wancan. Wanda jijiyarsa ta ƙi, danna shi ake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa makarantun suke son yaro tun bai kai shekara goma ba. Wanda ya zo bayan balaga zai iya ƙarfi, amma da wuya ƙugunsa ya yi laushin da ake nema.

Bayan wannan ake shiga aikin kan darduma, wanda suke kira tanzigong. Malam yana sa hannu a gadon bayan yaro ya juya shi, sau ɗaruruwa, har jiki ya haddace hanyar, sannan ya janye hannun. Kurakuran sanannu ne. Wanda ya yi gaggawar jefa kai baya kafin ƙafa ta gama tunkuɗa ƙasa ba zai yi sama ba, baya zai tafi, ya sauka gajere a kan wuya. Wanda ya dira da gwiwa a sanƙare ko a kan diddige, gwiwar da idon sawu ne za su biya.

Amma darasin da ya fi ciyar da su daga baya shi ne faɗuwa. Akwai wadda ake kira qiangbei, inda mutum zai yi tsalle gaba ya murɗa a sama ya sauka kan bayan kafaɗa ɗaya ya mirgina. Akwai ta sumewa ko mutuwa, inda zai sanƙare ya tafi baya gaba ɗaya ba tare da ya lanƙwasa ba. Ƙa'idarsu ɗaya: haɓa a manne da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, nauyi ya sauka kan naman allon kafaɗa, kuma kada a kai hannu baya don tare ƙasa. Wanda tsoro ya kama a tsakiyar hanya ya naɗe ƙugu, da mazaunai zai dira, girgizar ta haura ƙashin baya. Wanda ya kai hannu, tsintsiyar hannu ce za ta karye. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana wannan a kan daɓe, ranar da aka ce ya faɗo daga bene a gaban kyamara, ya riga ya san da wane sashe na jikinsa zai tarbi ƙasa.

Sai makamai, wato bazigong. Mashi da takobi da adda na katako ne ko gora da aka shafa wa fenti, kuma faɗan jeri ne da aka haddace, kowanne da sunansa, na mutum biyu, ɗaya yana kai hari ɗaya yana karɓa. 'Yan wasa biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, in an ambaci sunan jerin, za su yi shi tare ba tuntuɓe. A nan ƙwaƙwalwar nan ta samo asali, wadda ke sa a nuna wa ɗan kasada motsi goma sau ɗaya ya kama. Duk wannan kuma bisa kiɗa ake yi. Mai ƙaramar ganga da ke gefen dandamali shi ne jagora, idonsa na kan 'yan wasa, masu buga faifan tagulla suna biye da shi. Wanda ya taɓa ganin yadda kalangu ke bin takun ɗan dambe zai gane dangantakar, sai dai a nan an riga an san inda kowane bugu zai faɗa. A ƙarshen kowace musayar duka, 'yan wasa suna ƙamewa cak na ɗan lokaci, ido a ware, daidai da bugun tagulla. Sunan wannan tsayuwa liangxiang, kuma amfaninta shi ne a ba idon ɗan kallo damar ya karanta abin da ya faru kafin a ci gaba.

Wasan da ya fi nuna wannan fasaha shi ne Sanchakou. Mutum biyu ne suke faɗa a ɗakin masauki cikin duhun dare, amma dandamalin a haske yake tar, ba komai a kai sai tebur. Duhun a jikinsu yake. Ɗaya zai tsuguna yana lalube da hannu, ɗayan yana tsaye bisa teburin yana kasa kunne, fuskokinsu su kusa haɗuwa amma idanu su wuce juna. Adda ta share iska daidai inda kan mutum yake rabin sakan da ya wuce, shi kuwa ya sunkuya ne kawai don ya laluba ƙasa. 'Yan kallo suna dariya gabansu yana faɗuwa. Duk wanda ya san faɗan barkwanci na Sammo da Jackie, inda ake kuskure juna da kujera da tsani, ya ga jikan wannan wasa.

Daga gawa zuwa mai ba da umarni

Sana'ar da suka sha wuya a kanta tana dusashewa ne tun suna ciki. Mutanen Hong Kong harshen Kanton suke yi, suna da tasu opera, ta Beijing kuwa ta baƙin da suka yi ƙaura daga arewa ce. Ƙungiyar makarantar, Seven Little Fortunes, wadda ake zaɓo yara bakwai su ja ragamarta, ta yi suna a filin shaƙatawa na Lai Yuen, kuma tsalle-tsalle da faɗa su ne ba sa buƙatar tafinta. A 1967 tashar talabijin ta TVB ta fara aiki, 'yan kallo suka ƙara raguwa. A farkon shekarun 1970 makarantar ta rufe, Malam Yu ya koma Amurka, can ya rasu a 1997. Ba su kaɗai ba ne. Makarantar Madam Fan Fok-fa ta yaye Lam Ching-ying da Stephen Tung Wai da Mang Hoi, ta Fu Hsing a Taiwan ta yaye Angela Mao. Duk kasuwa ɗaya ta kwashe su.

Sammo ya riga sauran fita. Yana shekara 14 ya taimaka wa mai tsara faɗa Han Ying-chieh a fim ɗin Come Drink with Me na 1966, wanda King Hu ya ba da umarni a kamfanin Shaw Brothers. Dab da zai bar makaranta ya ji rauni ya daɗe a kwance, a nan ƙibar da ta zama tambarinsa ta same shi. Ƙibar ta hana shi zama kyakkyawan akta irin wanda kamfanoni ke nema, amma ba ta taɓa laushin ƙugun ba.

Tsanin aikin a bayyane yake. Ana farawa da fitowar gawa, a kwanta cikin rana ba motsi, a karɓi kuɗin yini. Daga nan a zama mai karɓar duka cikin yaran bos, sai mai sa kayan akta ya yi masa abin da ba zai iya ba, sai mataimakin mai tsara faɗa, sai mai tsara faɗa. Abin da ke ɗaga mutum shi ne ya yi abin da aka ce a ɗauka ta farko, domin kowace maimaitawa fim ne ke ƙonewa. Han Ying-chieh shi ma ɗan opera ne, King Hu kuwa bai ɓoye ba cewa daga opera ya ɗauko faɗansa, yana kallonsa a matsayin rawa. A hannunsu Sammo ya ga yadda ake ɓoye ƙaramar tarampolin ƙasan hoto don a cilla mutum sama, da yadda ake yanka tsalle ɗaya gida uku, tashi da shawagi da sauka, ido ya haɗa su da kansa. Da Raymond Chow da Leonard Ho suka bar Shaw suka kafa Golden Harvest a 1970, Sammo na cikin waɗanda suka tsara faɗan The Angry River na Angela Mao, bai cika shekara 20 ba.

Sai Bruce Lee ya zo ya sauya abin da ido ke nema. Shi ma ɗan gidan opera ne, mahaifinsa Lee Hoi-chuen fitaccen ɗan wasan Kanton ne, amma faɗansa na duka ɗaya ko biyu ne mai nauyi, ba ado. Bayan The Big Boss na 1971, doguwar musayar hannu irin ta dandamali ta fara kama da wasan yara. Duk da haka 'yan opera ne suka kewaye shi: Yuen Wah ke yi masa alkafura, Lam Ching-ying na cikin mataimakansa, Sammo kuma shi ne ya kara da shi a buɗewar Enter the Dragon na 1973. Sammo ya ɗauki darasin. Ya koyi hapkido a wajen Ji Han-jae na Koriya ta Kudu don fim ɗin Hapkido na 1972, inda ya samo murɗe gaɓa da kayarwa da harbin ƙafa mai nauyi, daga baya ya zauna ya nazarci salon kung fu mai suna Wing Chun.

Abin da kyamara ta ƙi karɓa

Matsala ta farko tazara ce. A dandamali ɗan kallo yana nesa, kuskuren faɗin yatsa biyu ba ya ganuwa. Kyamara kuwa tana kusa. Maganin shi ne a yi amfani da rauninta: ido ɗaya gare ta, ba ta auna zurfi. In aka ajiye ta bayan kafaɗar ɗaya daga cikin masu faɗan, naushi ya ratsa layin da ke tsakanin gilashinta da fuskar wanda ake duka, to ko da taƙi guda ne tsakani, za a ga ya shiga. In aka ajiye ta a gefe sosai, tazarar za ta fito fili. Don haka ɗaukar gefe tana buƙatar a taɓa jiki da gaske, a ƙirji ko ciki ko baya, inda aka ɓoye soso ƙarƙashin riga. An san tawagar Sammo da wannan: dukansu yana sauka, kuma shi ma yana karɓa.

Ta biyu, mai karɓar duka ne ke sayar da dukan. In ya kau da kai kafin hannu ya iso, ko da ƙiftawar ido ne, ƙarya ta bayyana. In ya makara, dukan ya zama marar ƙarfi. Kai ne ke fara tafiya, kafaɗa ta bi, sannan sauran jiki, sannan faɗuwar. Ana barbaɗa hoda a takalmi ko riga don ƙura ta tashi daidai wurin haɗuwa, musamman in haske yana fitowa ta baya. In hodar ta yi yawa, sai hankalin ɗan kallo ya koma kan ƙurar.

Ta uku, ba ganga. Finafinan Hong Kong na wancan zamani ba a ɗaukar sauti a wurin aiki, daga baya ake ɗora murya da ƙarar duka. Wannan ya ba mai tsara faɗa damar ya tsaya bayan kyamara yana ƙirga da baki yana kiran motsi, ya zama shi ne mai gangar. Tsayuwar liangxiang ma ba a jefar da ita ba, rage ta aka yi: musayar duka da sauri, ɗan tsayawa a kalli juna, sai a sake. Faɗan da ba shi da wannan numfashi, ko an fi sauri a cikinsa, ido ba ya riƙe komai. Abin da aka zubar shi ne adon: kewaya hannu mai faɗi, juya fuska wajen 'yan kallo, da taku irin na rawa.

Salon ɗaukar ma daban yake da na Hollywood. Can an saba a ɗauki faɗan gaba ɗaya daga nesa, a maimaita daga kusurwoyi da dama, a bar wa mai tacewa ya zaɓa. A Hong Kong gunduwa-gunduwa ake yi. A tsara 'yan motsi a nan take, a zaɓi kusurwa ɗaya da ta fi fito da su, a maimaita har ya yi, sannan a matsar da kyamara a ɗora daga inda aka tsaya. Ba abin da mai tacewa zai yi sai jerawa, domin an riga an tace a ka. Sharaɗin shi ne motsin ƙarshe na wannan gunduwa ya zama na farkon mai bi mata, hannu da ƙafa a wuri ɗaya, wanda ke dama ya ci gaba da zama a dama. Wani lokaci akan maimaita ɗan guntun dukan a gunduwa ta biyu, daga kusa, don ido ya sami lokacin ganinsa. Illar salon ita ce cin lokaci, faɗan 'yan mintoci yakan ɗauki makonni. Kuma tunda mai tsara faɗa ne ke zaɓar kusurwa da wurin yanka, rabin aikin darakta yana hannunsa. Wannan ne ya sa da yawansu suka zama daraktoci, Sammo kuma ya fara da The Iron-Fisted Monk a 1977, yana shekara 25.

Akwai kuma gudun kyamara. Ana haska fim da hoto 24 a sakan ɗaya. In aka ɗauka da 22 aka haska da 24, motsi ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, ido ba ya ganewa, sai dai ya ji faɗan ya yi kaifi. A 20 ƙarin ya kai kashi 20, a 18 ya kai kashi ɗaya bisa uku, kuma a nan asiri ke tonuwa: riga da gashi da ƙura suna faɗuwa da saurin da ba na duniya ba, mutum ya rasa nauyi. Dabarar ba ta gyara marar iyawa, tana ƙara wa mai tsabtar motsi ne kawai. Faɗowa daga sama kuwa kan kwalaye marasa komai a ciki ake yi, a jera su hawa-hawa a ɗora katifa, domin kwali yana murƙushewa ya shanye nauyi. Haɗarin shi ne a sauka a gefe, ko tsakanin kwali biyu, ko da ƙafa.

Fim ɗin da ya haɗa duk wannan shi ne The Prodigal Son na 1981, kuma a ganinmu har yau shi ne ƙololuwar aikinsa. Wing Chun salo ne na kusa, motsinsa gajeru, ƙirji da ƙirji, abin da ke da wuyar gani a hoto. Sammo ya riga ya gwada shi a Warriors Two na 1978. A nan sai ya ɗan buɗe motsin, ya sa kyamara inda za a ga hannu huɗu a lokaci guda, ya bar kowace musaya ta ƙare da duka mai sauka. Yuen Biao ne ɗan mai kuɗin da mahaifinsa ke biyan mutane su faɗi masa, Lam Ching-ying kuma malamin Wing Chun ne da ke fitowar mata a ƙungiyar opera. Lam ya yi fitowar mata da gaske a makaranta, shi ya sa in ya ɗaga hannu yana sanye da kayan wasa, lallausan motsin da kaifin dukan daga jiki ɗaya suke fitowa ba tare da an ga ɗinki ba. Da aka fara ba da kyautar tsara faɗa a bikin Hong Kong Film Awards a 1983, wannan fim ne ya ɗauka, da sunan Sammo da Lam da Yuen Biao da Billy Chan. A bikin ne kuma Sammo ya sami kyautar gwarzon jarumi da Carry On Pickpocket, suka raba kyautar da Karl Maka.

Daga nan ya fito da faɗan daga zamanin da zuwa titi. A Wheels on Meals na 1984, da aka ɗauka a Barcelona ta Sifaniya, ya haɗa Jackie Chan da Benny Urquidez, zakaran damben ƙafa na Amurka. Mayaƙin gaske yana da matsalarsa a fim: an horar da shi ya ɓoye niyyarsa, ya taƙaita hanya, ya sauke duka, fim kuwa yana son a ga dukan yana tahowa. Sammo bai mai da Urquidez ɗan opera ba, ya bar shi da takunsa da gadinsa, ya sa Jackie ya sauko wajensa, har da wurin da iskar harbin ƙafar Urquidez ta kashe kyandirori a kan tebur. A matsayin furodusa kuma shi ya tsaya wa Mr. Vampire na 1985, wanda ya mai da Lam Ching-ying tauraro, kamfanin D&B da ya kafa da Dickson Poon da John Shum kuma ya fito da Michelle Yeoh a Yes, Madam a shekarar. Dragons Forever na 1988 ne na ƙarshe da shi da Jackie da Yuen Biao suka ja tare.

A 1988 ɗin ya fito a matsayin Malam Yu kansa a Painted Faces na Alex Law, ya sake cin kyautar gwarzon jarumi. Wanda ya sha tsumagiyar ne yake riƙe da ita a fim ɗin, kuma bai mai da malamin dodo ba, bai kuma wanke shi ba. Gaskiyar ita ce an doki yara, an hana su karatu, an ci kuɗin guminsu, kuma a bayan kowane suna da muka sani akwai wasu da dama da suka ƙare da gwiwa a lalace ba sana'ar komawa. Ƙwarewar ta fito ne daga shekarun maimaitawa tun ƙuruciya tare da abokai guda, kuma babu wata hujja da ta nuna sai da duka ake samun hakan.

A Amurka ya ja shirin Martial Law na tashar CBS daga 1998 zuwa 2000, ya dawo ya fito bos a SPL na 2005 gaban Donnie Yen, ya tsara faɗan Ip Man na 2008. A kashi na biyu, na 2010, bayan an yi masa aikin zuciya, shi da Donnie Yen suka kara a kan zagayayyen tebur da aka kewaye da kujeru a kife, wanda ya faɗo ya sha kaye. Ƙuntata filin ya rage buƙatar gudu da tsalle, ya mai da faɗan kan hannu da daidaiton tsayuwa, inda mai shekara kusan 60 zai iya riƙe nasa. A nan an yi amfani da wayar da ake ɗaura wa ɗan wasa don ta ɗauke nauyinsa, kuma ana gane ta a wurin da teburin ya rabe biyu kowa ya tsaya kan rabi, domin saukar ta fi laushin da nauyinsu zai bari.

Waɗanda suka biyo bayansu ta wata ƙofa suka shigo. Jet Li da Wu Jing daga ƙungiyar wushu ta Beijing suka fito, wasan gasa da alƙalai ke ba wa maki. Suna da sauri da tsabtar motsi da ta kai ta 'yan opera ko ta fi, amma an fi horar da su su yi jeri su kaɗai, don haka karɓar duka da faɗuwa da wasa da fuska a tsakiyar faɗa sai a wurin ɗaukar fim suke ƙarasa koyo. A 2024 aka ba Sammo kyautar karramawa ta tsawon rayuwa a Hong Kong Film Awards, kuma a shekarar ya fito babban bos a Twilight of the Warriors: Walled In yana shekara 72. Wanda ya tsara faɗan fim ɗin shi ne Kenji Tanigaki, ɗan Japan da ya koyi aikin a Hong Kong, ya daɗe a tawagar Donnie Yen.